Ƙafar Ɗan Farina da Karatun Habibu

Wata biyar na yi ina jinya, kuma ban taɓa shan wuya irin wannan ba. Na yi dako a Kwatano, na kwana a tasha a Agadas, shekara ashirin da biyu ke nan ina sauke dilolin atamfa a shagon wani Alhaji a unguwar Goutte d'Or ta Paris, duk wannan wasa ne. Majinyacin ya tashi, alhamdu lillahi, yana takawa da ƙafarsa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya har yau, shi ya sa na zauna na rubuta, don wanda abin zai faɗo wa gidansa kada ya yi irin wautata. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, a aji huɗu aka cire ni daga lakwal.

Wanda ya kwanta ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba. Mu a gidanmu a Damagaram haka muka taso: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi. Babanmu bai taɓa kiran sunan yayanmu ba har ya koma ga Allah. Ni ma na ɗauko abin na kawo shi har Faransa. In ina nemansa sai in ce "kai", in ina zancensa in ce "yaron nan". Shekararsa ashirin da huɗu.

Sana'arsa kai wa mutane abinci a kan keke. Wata Talata bayan azahar, a ƙarƙashin gadar metiro ta Barbès, mota ta kwashe shi. Ƙashin cinyar hagu ya karye. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe, ya kwana tara a asibiti. Nan ba ni da ƙorafi. Akwai wata nas baƙar fata da ke juya shi kamar ɗan cikinta, Allah ya saka mata. Da aka sallame shi, gidanmu hawa na biyar ne kuma babu asansar, injin hawa bene, ni na goya shi har sama. Goyon majinyaci aiki ne, ba ya cikin abin kunya.

Sati na takwas likitan ƙashi ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe, ya fara takawa da sanduna. Muka yi murna, uwarsa Rakiya har ta yi sadakar masa. Ranar da zai fara sauka ƙasa, ya kai bakin bene ke nan sai wata mota ta danna ham a titi. Ƙafar ta kama rawa. Kafin in ce me, ɗayar ma ta ɗauka. Ya zube a ƙasa, ƙafafu na bugun daɓe kamar injin niƙa, idonsa biyu, yana jin mu, gumi na zuba.

Abin da na sani shi na yi. A gida in abu ya buge mutum yana fizge-fizge, maza ke danne shi kada ya ji wa kansa ciwo. Na hau kan cinyoyinsa da dukan nauyina. Maƙwabcinmu Alhaji Adum, mutumin Cadi, ya riƙe kafaɗu. Rakiya na tofa masa Ayatul Kursiyyu. Muna dannewa ƙafar na ƙara faɗa da mu, har kusan awa guda. Da abin ya lafa, yaron ya juya fuska bango.

Sati na tara abin ya zo sau huɗu. Na kai shi ɓangaren gaggawa, muka yi awa tara a kan kujerar roba, kusa da wani da ya sha ya yi tatul yana zagin gwamnati. Aka ɗebi jini, aka ce lafiya lau, aka ba mu takarda mu nemi randebu, wato a sa mana rana, don hoton kai. Randebun sai bayan sati biyar. Cikin satuttukan nan yaron ya daina leƙa taga, ya daina cin abincin kirki, ko banɗaki sai ya bi bango. Kuɗin asibiti dai inshora ta ɗauke, na gode wa ƙasar nan a kan wannan. Amma taksi daga aljihuna, kuma duk ranar da ban je shago ba ranar banza ce.

Ƴan uwa kuwa kowa ya zama likita. Gwaggo Hadiza ta aiko murya daga Damagaram, minti goma sha ɗaya, ta ce iska ce, ya faɗi a mararraba, a mayar da shi gida a yi masa abin da ya kamata. Wani ɗan kawuna ya ce in bincika, yaran keke ƙwaya suke sha. Alhaji Adum ya kawo mai ruƙiyya daga Saint-Denis, ya karanta, ya yi hayaƙi har ƙararrawar gobara ta tashi, ya karɓi nasa ya tafi. Rubutu kam yaron ya sha har haƙoransa suka yi baƙi. Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe mu. Amma ƙafa ba ta daina ba, ni kuma ban daina hawa kanta ba.

Sati na goma sha biyar muka ga likitar jijiya. Mace ce mai farin gashi, ba ta da gaggawa. Ta duba hotuna, ta bubbuga gwiwa, ta sa shi ya yi abu da hannu yayin da take kallon ƙafar. Ta ce babu abin da ya lalace. Ta faɗi sunan ciwon, "trouble fonctionnel", na sa ta rubuta mini a takarda. Ta ce in ɗauka kamar gida ne da wayoyin lantarkinsa duk lafiya, amma wutar na zuwa a rikice. Ta dube ni ta ce: "Ba ƙarya yake yi ba, Monsieur, kuma ba hauka ba ne." Ta rubuta mana mai gashin ƙashi na asibiti, wanda suke kira kine, da likitan ƙwaƙwalwa. Na biyun, layinsa wata huɗu.

A satin ne Habibu ya zo. Habibu ƙanena ne, autanmu, na ba shi shekara goma sha bakwai. Lokacin da aka cire ni daga lakwal aka kai ni kasuwa ba a ma haife shi ba. Shi da ya zo, gida ya ɗan samu, aka bar shi ya yi ta karatu har ya ƙetaro Lyon. Yana yin mastar a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma a gefe yana wani horo na shekara uku da suke cewa sauraren jiki. Ya taɓa nuna mini hoton ajinsu: manyan mutane, wasu da furfura, kwance a kan tabarmi ba takalmi, wai suna lura da yadda numfashi ke shiga. Wata rana su yi ta tafiya a hankali cikin ɗaki. Wata rana ɗaya ya ɗora wa ɗaya hannu a baya su yi shiru, daga baya su rubuta abin da suka ji, malami ya duba. Na ce masa: "Shekara talatin da biyu kana koyon numfashi? Ni tun ranar da aka haife ni na iya." Ya yi dariya. Habibu kullum dariya yake yi, shi ya sa ba a iya faɗa da shi a ƙoshi.

Ya iso ranar Asabar da hantsi. Ko gaisuwa ba mu gama ba wani ya buga ƙofar ƙasa da ƙarfi, ƙafa ta ɗauka. Na hau. Alhaji Adum ya shigo da gudu ya kama kafaɗu.

"Yaya, sauka," in ji Habibu.

"Ka ce me?"

"Sauka daga kansa, don Allah. Alhaji, kai ma sake shi."

"Zai karya ƙarfen da ke cinyar!"

"Ba zai karya ba. Nauyinka ne zai karya."

Alhaji Adum ya saki, ya ja da baya yana cewa: "To, lokotoron numfashi ya iso, mu ba shi wuri." Ni ban sauka don na yarda ba. Na sauka ne don ya gani da idonsa ya ji kunya.

Habibu ya janye teburi, ya sa matashi a inda diddige ke bugu, ya zauna a ƙasa. Ya kira yaron da sunansa, a hankali, sau biyu. Ya ce: "In taɓa bayanka?" Ni ban taɓa jin inda babba ya nemi izinin taɓa ɗan gidansu ba. Yaron ya ɗaga kai. Ya ɗora tafin hannu tsakanin kafaɗunsa, bai danna ba, ya ajiye kawai kamar an ajiye hula.

"Bar ta ta yi rawarta, ba ruwanmu da ita. Ina ne a jikinka babu abin da ke damunsa yanzu?"

"Hannun dama, Tonton." Haka yake kiran baffan nasa da Faransanci.

"To mu zauna can tukuna. Ɗumi yake ko sanyi?"

"Ɗumi."

"Madalla. Duba ɗakin nan, faɗa mini abu uku shuɗi."

"Buta. Labule. Hular Alhaji."

"Hular nan shuɗiya ce da can," in ji Habibu, "yanzu Allah kaɗai ya san launinta."

Yaron ya yi dariya, ƙafa na rawa yana dariya. Ba a yi kwata ba rawar ta fara raguwa, ta koma kamar ta mai jin sanyi, ta tsaya. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya kifa kai a gwiwar Habibu ya fashe da kuka. Tun yana goye ban ga kukansa ba. Da rana ya cinye kwano biyu na dambu.

Na gode wa Allah, wannan gaskiya ne. Amma ga wata gaskiyar. Rakiya ta wuni tana cewa Allah ya yi wa Habibu albarka, Allah ya ƙara ilimi. Ni da na goya shi hawa biyar, sama da ƙasa, duk ranar asibiti, ni da bayana ke ciwo har ba na iya ruku'u da kyau, ban ji an ce Allah ya yi mini komai ba. Mutum ya zo da jakar litattafai ya zauna a ƙasa minti goma sha biyar, ya kwashe ladan duka.

Ya koma Lyon, sai waya ta fara. Kullum bayan la'asar in na dawo sai in tarar yaron na magana da Tonton, suna Faransanci da sauri, suna ƙyaƙyata dariya. Ina shiga sai murya ta yi ƙasa. Ni in na tambaye shi jiki, "da sauƙi, Baba," shi ke nan. Kalma uku nake samu a yini.

Bayan sati biyu Habibu ya kira ni. Ya ce shi ɗalibi ne, ba shi da izinin yi wa kowa magani, balle ɗan yayansa, ka'idar karatunsu ma ta hana. Abin da ya yi rannan taimakon gaggawa ne kawai. Amma akwai wata malamarsu a Lyon mai shekaru tana wannan aiki, tana haɗa hannu da kine da likitocin jijiya, ta ce za ta karɓe shi. Sai dai aikin na wata uku ne ko huɗu, sau biyu a sati. In bar yaron ya zauna wurinsa a unguwar Guillotière, gidansu akwai asansar, titin ba hayaniya.

Na ce: "Ubansa bai mutu ba."

"Yaya, ba wanda ya ce..."

"Ɗana ba ya zuwa ko'ina. Ka ci gaba da numfashinka." Na kashe waya.

Sati uku na riƙe shi a Paris. Abin ya zo sau biyar. Na farko na tsaya a gefe ina kallo, ban san inda zan sa hannuna ba. Na biyu ban san lokacin da na hau ba, jikina ne ya tafi da kansa. Rawar ta fi ta kullum daɗewa. Da yamma ina alwala a banɗaki na ji shi ta bango yana ce wa uwarsa: "Mama, ki ce wa Baba in ya fara kada ya zo."

Na tsaya da buta a hannu. Da na fito Rakiya ta same ni a kicin. Shekara ashirin da shida muna tare ba ta taɓa yi mini magana haka ba.

"Malam, ka ji shi."

"Na ji."

"Kishin ƙanenka kake yi, ƙafar yaron nan ce ke biya."

Na ce dai za mu je Lyon sau ɗaya, in ga matar da idona, mu dawo tare a jirgin ƙasa na washegari. Tikitin zuwa da dawowa na saya, na mutum biyu.

Nan bari in faɗa wa duk mai karantawa abin da na koya da tsada. In likita ya tabbatar maka ba farfaɗiya ba ce kuma babu abin da ya lalace, kada ka danne majinyaci. Janye abin da zai buge shi, ka zauna kusa. Kada ka ce masa ya daure, daurewar ce ta kai shi nan. Kada ka tara masa maƙwabta suna kallo. Addu'a ka yi ta, amma ka nemi randebu tun ranar farko, don layin ƙasar nan ba ya jin Allah ya isa.

Ofishin matar babu komai sai kujeru uku, tabarma mai kauri da tukunyar fure. Ta karanta takardun likitar jijiya duka kafin ta ce uffan. Ta yi kusan awa da yaron su kaɗai, mu da Habibu muna zaune a waje. Sannan ta leƙo ta ce ni take so, ba Habibu ba. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Yaron na zaune a kujera, ƙafafu a ƙasa ba takalmi. Ta ce ya yarda in gwada. In ɗora hannu tsakanin kafaɗunsa, kada in yi komai, in bar shi kawai. Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne. Na tsaya a bayansa. Na ga ƙeyarsa, da wani ɗan tabo a bayan kunne da ban san yana da shi ba. Na ɗora.

"Baba, kana danna ni."

Na ɗaga. Na sake ɗorawa. Kafaɗunsa suka haɗe sama kamar wanda ke jiran mari.

"Har yanzu, Baba."

Wallahi a ganina ko ƙuda ba zai mutu a ƙarƙashin hannun ba. Matar ta ce, da murya mai laushi, "Monsieur, kai ma ka riƙe numfashinka. Sake shi." A gaban ɗana. Na janye hannuna, na ce mata na gode, na fita.

Na yi ta tafiya, na wuce shagunan Larabawa da na mutanenmu, na tsallake layin taram, har na kai bakin kogi na zauna a kan matakala. La'asar ta yi. Can sai ga Habibu, ya zauna nesa da ni kaɗan.

Na ce: "Ka ji daɗi."

"Daɗin me, Yaya?"

"Ni aka cire daga lakwal. Ni na yi dako har gida ya samu abin da aka sa ka karatu. Ka karanta, ka zo ka karanta mini ɗa ka ɗauke. Ni kalma uku nake samu a yini, kai awa guda."

Wannan karon bai yi dariya ba.

"Ba ƙarya ka faɗa ba a kan lakwal," ya ce. "Ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba. Amma hannun nan, Yaya, ba baiwa ba ce. Shekarar farko duk wanda na ɗora wa hannu a aji sai ya ce na yi nauyi. Wata Bafaranshiya ta ce kamar ana kama ta a kan iyaka. Wata shida na yi kafin wani ya ce ya ji daɗi. A gida ɗaya muka taso, wa ya koya mana? Kai yau ka fara, minti biyu, ka gudu."

"Ban gudu ba. Iska na fito sha."

"To. Kuma ni ba ɗan farina ba ne, shi ya sa yake mini sauƙi. Bari in haifi nawa ka zo ka ga ko zan iya ko da kallonsa."

"Ka fara samun mai aurenka tukuna. Wace ce za ta auri mai kwanciya a tabarma yana ƙirga numfashi?"

Sai ya yi dariyar tasa. Ni ban yi ba. Na tambaye shi matar me ta ce. Ya ce ta ce yaron zai tashi in sha Allah, amma ba a zuwa ɗaya ba. Na tambaye shi yaron me ya ce. Ya ce: "Yana so ya zauna. Yana tsoron faɗa maka."

Muka koma gida. Gidan Habibu ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, litattafai har kan firji, gado guda. Ya bar wa yaron gadon, mu biyu muka shimfiɗa barguna a falo. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba.

Washegari da safe, bayan na yi salla, na fita su suna barci. Na jira har wani shagon Balarabe ya buɗe, na sayi katifa mai kyau da bargo, don ba zan bar a ce ɗana ya kori mai gida daga gadonsa ba. Na kawo na jingine a falo. Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan, na san yaron ya farka, na ji motsinsa. Na tsaya a bakin ƙofar fita na kira Habibu, na ɗaga murya yadda za a ji daga ciki.

"Yaron nan ba ya cin miyar kuɓewa, in an ba shi zai ci don kunya amma ba ya so. Ba ya barci in an rufe ƙofa ruf. In ya ce da sauƙi yana sosa gira, ƙarya yake yi, ka duba shi. Cinyar na yi masa ciwo in za a yi ruwa, ba zai faɗa ba. Ranar Juma'a ya kira uwarsa."

"To, Yaya."

"Amana na ba ka. Ba kyauta ba."

"Na ji, Yaya. Ba za ka shiga ba?"

Na ce jirgi ba ya jira. Na sauka ta bene, na tafi tasha, na zauna a kujerata ta bakin taga, na ɗora jakata a kan kujerar yaron nan.